Ba Ruɗewa Ce Ta Kai Baba Tsoho Doguwa Ba

Ranar sadakar uku ina bakin zaure ina miƙa wa baƙi ruwa, na ji maganar nan har sau huɗu. Mutum zai zo ya zauna a tabarma, a ɗaga hannu a yi addu'a, a shafa, ya ce wa babana, "Ya haƙuri?" Babana ya ce, "Da godiya." Sannan a sauke murya.

"Allah sarki, mutumin kirki. Sai dai a ƙarshen nan tsufa ya ɗan taɓa shi."

Wani dattijo da ya zo tun daga Bebeji ya ce rijiyar gidansu kakana ne ya haƙa ta tun shi dattijon yana yaro, har yau ba ta taɓa ƙafewa ba. Wani Bafulatani ya jingine sandarsa ya ce shanunsu shekara da shekaru a rijiyarsa suke sha, kuma da suka kai masa ɗan maraƙi ƙin karɓa ya yi. A cikin gida wata tsohuwa daga Kiru tana kuka tana cewa yanzu wa zai nuna wa mutane ruwa. Duk wannan na iya ɗauka. Wanda ya tsaya mini a wuya direban motar haya ne, maƙwabcinmu.

Ya ce, "Ai ni na ɗauko shi daga Doguwa ranar nan. Na same shi a tasha, ƙafafu duk a kumbure, yana tambayar mutane wani fili jajawur wanda ko tsinken ciyawa babu. Na ce Baba, irin wannan fili ai sai a mafarki."

Babana ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne. Tun daga ranar muka gane kan ya fara juyewa."

Filin da suke cewa babu shi yana aljihun rigata a lokacin, a cikin wayata. Ni na nuna masa shi. Ni na ce masa a Doguwa yake. Kakana bai ruɗe ba ko na minti ɗaya har ya koma ga Allah, kuma wata biyar ina kallo ana ce masa ruɗaɗɗe ban buɗe baki ba. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan.

Baba Tsoho muke ce masa, mahaifin babana ne. Sana'arsa haƙar rijiya. Daga ƙauyenmu na kusa da Dangora har Tudun Wada, da wuya ka shiga unguwa ba ka sha ruwan hannunsa ba. Idan aka kira shi duba wuri, takalmi yake fara cirewa. Ya zaga, ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya sansana, ya ɗora a harshe. Wallahi ɗanɗanawa yake. Ya duba inda suri ya tashi, ya duba wace bishiya ce ganyenta bai zube ba a tsakiyar rani. Sannan ya kafa diddige ya ce, "Nan." Idan ka zo masa da labari, ka ce an ce wuri kaza akwai ruwa, sai ya ce, "Ka taka?" Ka ce a'a. Ya ce, "To ni ma ban taka ba. Sha ruwa ka huta."

Ba ya shiga rijiya sai ya fara zura fitilar ƙwai a cikin guga. In ta kai ƙasa tana ci, ya sauka. In ta mutu, ko gidan hakimi ne ranar babu mai shiga. Kuma in ya wanke ƙafa sai ya zauna a rana ta bushe ƙarau kafin ya sauka sabon rami. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce ya taɓa ganin wani ya sauka da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ya ga danshi a ƙasa, ya ɗaga murya yana cewa an samu ruwa, ashe sawun kansa yake gani.

Tsakanina da shi kuwa wasa ne, irin na kaka da jika. Kakata, Iya, angonta take ce mini. Shi kuma in na shigo sai ya ce, "Ga ɓarawon mata nan, a ɓoye tuwo." Na ce, "Tsoho, ka haƙura ka sake ta, ka ga ko haƙorin cin ƙashi ba ka da shi." Ya ce, "Kai da ko akuya ba ka ajiye ba, da me za ka riƙe ta? Da cajin waya?" Na sha ɓoye masa hula. Ya sha zuba mini barkono a shayi. Babu wanda ya taɓa cewa na yi rashin kunya, haka aka gada. Ni dai ban san wasan yana da inda yake tsayawa ba.

Cajin wayar da yake tsokanata da shi gaskiya ne. Ina da ɗan shago a Kwanar Dangora, caji da gyaran waya da tura wa mutane karatu da wa'azi. Sakandare na gama, ban ci gaba ba. A shagon nan wata rana na ci karo da bidiyon wata na'ura tana sauka a duniyar Mars, kuma tun daga ranar ban dawo daidai ba. Ku yi haƙuri in ɗan faɗa muku, don abin nan ba ya bari na yi shiru ko a gidan makoki. Mars maƙwabciyarmu ce, daga mu sai ita in ana nisa da rana. Ja ce saboda ƙasarta tsatsar ƙarfe ce. Iskarta ba ta isa mutum ya shaƙa, sanyinta kuma ba irin wanda muka sani ba ne. Mutum bai taɓa zuwa ba. Abin da ake turawa mota ce mai taya shida, babu direba, tana da ido, tana da hannu mai huda dutse. Wata da watanni take yi a hanya. In an aika mata umarni daga nan sai ya yi mintuna kafin ya isa, shi ya sa aka koya mata kauce wa rami da kanta. Kuma ba aljanu ko mutane masu eriya take nema ba, kamar yadda 'yan achaɓa ke tsokanata. Alamar ƙananan halittu take nema, irin waɗanda ido ba ya gani, ko sun taɓa rayuwa can a zamanin da akwai ruwa. Duk wannan ni kaɗai na koya, da ɗan turancina da ƙamus a waya.

Na dami kowa. Direbobi in sun gan ni sai su ce, "Mutumin sama, yau me aka gano?" Babana kuwa ya tsani zancen. Ya ce kuɗin data na ƙarewa a kallon duwatsu, kuma in ya ƙara jin na tare wani dattijo da wannan shirme zai fasa wayar da turmi. Saboda haka ban taɓa yi wa Baba Tsoho maganar ba.

Sai wata Talata a cikin bazara. Na sauke wani hoto da motar ta turo, wata gangara mai tsakuwa da duwatsu hawa-hawa. Sai shaiɗan ya raya mini, bari in gwada tsohon nan. Na yanke sararin saman hoton, na yanke gefen da tayar motar ta fito, ya rage ƙasa zalla. Bayan la'asar na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gida yana gyaran igiya.

Na ce, "Tsoho, in har yanzu idonka na aiki, duba nan. Wasu mutane ne a bayan Doguwa, wajen duwatsu, suke son haƙa rijiya. Suka ce in nuna maka."

Ya ce, "Ni ba na duba ƙasa a madubi."

Na ce, "Ka dai ce ba ka iya ba."

Ya harare ni ya karɓa. Yatsunsa sun yi kanta har wayar ba ta jin taɓinsa, ni nake ƙara masa girman hoton. Ya daɗe yana kallo. Wasan ya bar fuskarsa.

Ya ce, "Matso da nan. Ka ga tsakuwan nan? Mulmulallu ne. Dutse ba ya mulmule kansa, ruwa ne ya gangaro da su, kuma daga nesa. Ruwa mai ƙarfi, zai kai gwiwa. Sauka ƙasa. Ka ga nan laka ta kwanta kamar an jera tabarmi? Nan ruwan ya tsaya, tafki aka yi. Amma ya daɗe da tafiya. Ya daɗe ƙwarai."

Wallahi abin da masanan suka rubuta a ƙarƙashin hoton ke nan, kusan kalma da kalma: tsohuwar hanyar ruwa, tsohon tafki. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba.

Ya ci gaba, "Amma ina suri? Ina sawun akuya? Wane irin wuri ne wannan da ko tururuwa ba ta ratsa ba? Mutanen me suke sha?" Sannan ya miƙo mini wayar ya ce, "Ka gaya musu kada su sa diga. Ƙasar saman nan sako-sako ce, za ta rufta da mutum."

Nan ya kamata in fashe da dariya in gaya masa. Ban yi ba. Daɗi ya cika ni, na ce bari in tara wasu hotunan in ƙara gwada shi, sannan in fasa ƙwan gaba ɗaya. Washegari da safe zan fita ya tare ni.

"Ɓarawon mata, ka gaya wa mutanen Doguwa?"

Na ce, "Na gaya musu. Sun ce tsoho ne kawai yake tsoro, ranar Asabar za su fara."

Na hau babur ina dariya.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba ya ɗauki sandarsa, ya ce wa Iya zai je duba aiki. Ya hau achaɓa zuwa Kwanar, ya wuce ta gaban shagona ban buɗe ba tukuna. Ya shiga motar Tudun Wada, daga can ya shiga ta Doguwa. Ba shi da waya, ba shi da hoton, a kansa ya riƙe shi. Daga baya muka ji yadda ya yi. Ya tambayi 'yan tasha, ya tambayi masu shayi, ya tambayi mahaƙan rijiyar garin. Ya taka da ƙafa cikin zafin nan har rugage, don ya san babu ƙasar da makiyayi bai sani ba. Suka ce masa, Baba, mun bi dajin nan tun muna yara, ba mu taɓa ganin inda ciyawa ba ta fita ko da damina ba. Ya kwana a masallaci. Gidanmu kuwa an tashi hankali, an duba asibiti, an duba tsofaffin rijiyoyi. Ni ina cikin masu neman, alhali na san inda ya tafi. Ban faɗa ba. Ranar Juma'a da yamma maƙwabcinmu direba ya sauke shi a ƙofar gida.

Asabar da hantsi na shiga ɗakinsa. Iya ta ajiye masa ruwan zafi a kwano tana gasa masa ƙafa, ta fita ɗebo wani. Na durƙusa.

Ya ce, "Yau Asabar. Ban same su ba. Ka kira su, ka haɗa ni da su."

Na ce, "Baba, babu su."

Na buɗe hoton na asali, da jan sama da tayar mota, na gaya masa komai. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Hulata ka ɓoye, na yi dariya. Matata ka ce za ka ƙwace, na yi dariya. Yanzu kuma rami ka mayar abin wasa?"

Na ce, "Wasa ne, Baba, irin wanda muka saba."

Ya ce, "Rufe mini baki. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Ubanka ma bai san shi ba. Wata shekara aka zo aka ba ni labarin wani wuri, ina fama da zazzaɓi, na ce daga kwance ai ƙasar yankin nan mai ƙarfi ce, ku je ku haƙa. Shi ya sauka. Kwana biyu muka yi kafin mu fito da shi. Tun daga ranar ban ƙara yanke wa ƙasa hukunci daga zaune ba, sai ranar Talata da ka sa ni. Na kwana ina cewa na faɗi magana a kan wurin da ban taka ba, ga wasu za su tura ɗan wani ciki."

Na fashe da kuka. Ya ce, "Tashi ka ba ni wuri."

Kwana tara bai yi mini magana ba. In na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. A cikin kwanakin nan babana ya tara 'yan achaɓan unguwa ya ce duk wanda ya ƙara ɗaukar tsohon nan shi da shi ne. Aka ɗauke sandarsa ta tafiya aka sa a ɗakin baffana. Labari ya bazu, daga tasha zuwa kasuwa.

Rana ta goma ya aiko a kira ni. Na zo na tsuguna nesa. Na ce zan je in gaya wa babana gaskiya.

Ya ce, "In ka gaya masa me zai yi?"

Na ce, "Zai fasa wayar. Wataƙila ya rufe shagon."

Ya ce, "To ni ban gama kallon ƙasar nan ba. Bar shi. Matso, ɓarawon mata, nuna mini inda ruwan ya fito."

Na karɓi wannan rangwame da hannu biyu. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya ce bar shi, ni kuma na ji daɗi na bar shi, kamar ban ga abin da barin yake ci masa ba.

Na gani kuwa. Mutane suka daina zuwa neman shawara. Da aka tashi yin sabuwar rijiya a masallacin unguwa, aka ɗauko wasu samari masu na'ura daga birni, suka wuce ta gabansa yana zaune. Ya ɗaga murya ya ce, "Ku ɗan matsa gabas." Babana ya dafa shi ya ce, "Baba, ka huta." Sun samu ruwa, ba zan yi ƙarya ba. Amma shekara hamsin ba a sa diga a unguwar nan ba sai an ce masa bisimilla. Ranar ko tuwo bai ci ba. Ina tsaye a wurin.

Duk da haka, watannin nan su ne mafi daɗi da na yi da shi, Allah ya yafe mini. Kullum bayan la'asar sai in zo da sababbin hotuna, mu juya baya kamar muna sauraron wa'azi. Shi ne mutum na farko da bai yi mini dariya ba. Da na gaya masa mutum bai taɓa zuwa ba, na'ura ake turawa tukuna, sai ya buga cinya ya ce, "Fitila suka zura! Kai, mutanen nan sun san aiki." Da na ce kafin a harba ta sai an tsabtace ta, masu haɗa ta ma rufe jiki suke yi ruf har fuska, don kada ƙwayoyin halittar nan duniya su bi ta su je can a ɗauka na can ne, sai ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ashe su ma sun taɓa ganin mai jiƙaƙƙiyar ƙafa."

Wani lokaci faɗa yake yi da motar. "Ina za ki? Koma hagu, ga inda laka ta kwanta, ke kina bin tudu!" Na ce masa ai ba ta ji. Ya ce, "Duk ɗaya da yaran yanzu." Da na nuna masa ramin da take hudawa, ɗan ƙarami kamar yatsa, ya taɓe baki. Ya ce wannan susa ce ba haƙa ba, in ruwa ya gudu ƙasa yake yi, abin da ke bin ruwa ma ƙasa zai bi shi. Na ce masa akwai masanan da suke faɗin haka, shi ya sa ake shirin tura mai haƙa da zurfi. Ya ce, "To su yi sauri, ni ba yaro ba ne."

Na sha matsa masa. "Tsoho, tsakaninka da Allah, akwai rai a can ko babu?" Sai ya ce Ubangijin da ya ajiye kwaɗo a cikin busasshiyar laka har damina ta dawo, babu abin da ya gagare shi, amma shi ba zai ce ba. "Hoto ba ya wari. Ka ce sun tara duwatsu a kwalabe za su kawo? In sun kawo, ka roƙar mini ɗan kaɗan in ɗora a harshe. Sannan ka tambaye ni."

Ƙafar nan ba ta ƙara komawa daidai ba. Likita ya ce ciwon zuciya ne da ya daɗe, ba tafiyar ba ce. Na riƙe wannan magana kamar igiya, amma ba kullum take ɗaukata ba. Ya rasu ranar wata Lahadi da rana, ana yayyafi, gero ya fara fitar da kai. Ina shago ina canja wa wani batir.

Bayan sadakar uku na kasa cin abinci. Na shiga wajen Iya, tana takaba a ɗakinta da carbi a hannu. Na zauna a bakin ƙofa na fara, "Iya, tafiyar Doguwar nan..."

Ta ce, "Na sani, angona. Ina bayan ƙofa da kwanon ruwan zafi."

Na ce, "Kin sani, kika yi shiru?"

Ta ce, "Ya ce in yi shiru, mijina ne, na yi. Kai ma ya ce maka bar shi, na ji. Amma don wayarka ya faɗa, don yana son kallon. Yanzu wa zai kalla? Jiya matan Kiru a nan suka zauna suna ce mini in gode wa Allah da bai kai ga yawo tsirara ba. Mutumin da ya shayar da su." Ta ja carbinta. "Jibi bakwai. Za su taru."

Ranar bakwai bayan an shafa addu'a, kafin a fara raba waina, na miƙe a tsakiyar tabarmi. Na yi sallama, na ce ina da magana a kan marigayi. Baffana ya ce in zauna, yara ba sa magana a nan. Sai aminin marigayi ya ɗaga hannu, tsohon da ya yi shekara arba'in yana riƙe masa igiya a bakin rami, yanzu ido ɗaya ya rage masa. Ya ce, "Ku bar shi."

Na faɗa. Tun daga yanke hoton har ƙaryar cewa za su fara haƙa ranar Asabar. Wani ya yi salati. Direban nan ya riƙe baki. Ban iya kallon babana ba sai da ya ce, "Kawo wayar." Na miƙa masa, na sallama ta. Ya daɗe yana kallon hoton. Bai fasa ba. Ya ajiye ta a tabarma a hankali ya ce, "Ni na ɗauke masa sanda." Ya ja babbar rigarsa ya rufe fuska.

Mai riƙon igiya ya juyo da idonsa ɗaya.

"Kai, ɗan nema. Bar kukan nan, amsa mini. Abin da ya faɗa a kan ƙasar, daidai ne ko ba daidai ba?"

Na ce, "Daidai ne, Baba. Abin da masu na'urar suka gano ke nan. Ruwa ya taɓa gudu a wurin."

Ya ce, "A wata duniyar."

Na ce, "A wata duniyar."

Ya gyaɗa kai, ya juya ga jama'a. "Kun ji dai. Daga zaune, da ido kawai." Sannan ya dawo kaina. "Mu nan mun ji. Amma ba nan kaɗai aka yi masa dariya ba. An yi a tashar Kwanar, an yi a Tudun Wada, an yi a Doguwa, har rugage. Duk inda ya taka ya tambaya, kai ma za ka taka ka ba da amsa. Ba a waya ba. Da ƙafarka."

Na fara. Na yi Kwanar, na yi Tudun Wada. A Doguwa wani mai shayi ya tuna shi sarai, ya ce har ruwan zafi ya ba shi kyauta don tausayi. Da na nuna masa hoton na ba shi labari, ya ajiye ludayinsa ya ce, "Wato don kada ƙasa ta rufta da wanda bai sani ba ya zo?" Na ce eh. Ya ce, "Mu kuwa muka ce masa mahaukaci." Rugagen ne suka rage, an ce wasunsu sun tashi, sai na bi sawu bayan kaka.

Inda ƙafata ba za ta kai ba, ga wannan. In ka taɓa jin labarin wani tsoho daga wajen Dangora da ya zo yana neman jan fili marar ciyawa, in ma kai ka ba wani labarin, don Allah ka koma ka gyara. Ka ce lafiyarsa ƙalau, jikansa ne ya yi masa ƙarya, shi kuma ya tafi ceton mutanen da bai taɓa gani ba. Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya yalwata masa kabarinsa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da mu. Ni kuma ku sa ni a addu'a, don ban taɓa buɗe baki na ce masa ya yafe mini ba. Na ɗauka akwai sauran la'asar.